Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Darasi Da Makomar Karatun Yara A Tawa Da Arewacin Adar

Duk lokacin da aka tashi maganar taɓarɓarewar ilimi a Jamhuriyar Nijar, abin da aka fi ji daga bakin mahukunta da 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji shi ne yawan azuzuwan da aka gina, da teburan da aka raba, da malaman da aka ɗauka aiki. Babu mai musun muhimmancin waɗannan abubuwa. Sai dai akwai wani abu guda da ba a cika ambatarsa a jawabin buɗe shekarar karatu ba, alhali kuwa a kansa ne ranar yaro a makaranta take gyaruwa ko ta lalace. Wannan abu shi ne shirin darasi, wato zaman da malami yake yi kafin ya shiga aji, ya yanke abin da zai koyar gobe, da hanyar da zai bi, da kuma yadda zai gane ko yaran sun fahimta ko ba su fahimta ba.

Abubuwa biyu ne suka sa ya dace a waiwayi wannan batu yanzu, musamman a jihar Tawa. Na farko, a shekarar 2024 gwamnati ta dawo da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD, bayan kimanin shekara goma da dakatar da ita. Ma'ana, yaron da ke aji shida a Kalfu ko Barmu ko Tamaske zai zauna gaban takardar tambayoyi iri ɗaya da ta ɗan birnin Yamai, ba tare da an tambaye shi a wane irin aji ya yi karatu ba. Na biyu, kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko ba jima ko ba daɗe wannan mataki zai shafi harshen da malami zai rubuta darasinsa da shi. To, shin malamin da ke ƙauyen arewacin Adar a shirye yake?

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya san inda aka fito. A shekarar 2014 hukumar PASEC, wadda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta gwada ɗaliban ƙasashe goma. Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yaran da ke gab da kammala firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu da lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da aka sake gwajin a 2019, an ga ci gaba, domin kimanin kashi 30 cikin 100 sun kai matakin a karatu, kashi 22 da ɗoriya kuma a lissafi. Abin a yaba ne, amma idan aka juya lissafin, ma'anarsa ita ce cikin yara goma da suka shafe shekara shida suna zuwa lakwal, bakwai ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi yadda ya kamata.

Idan mai karatu bai manta ba, tun a ƙarshen shekarun 1990 ne, bayan dokar ilimi ta 1998, ƙasar ta rungumi tsarin ɗaukar malamai 'yan sa-kai, waɗanda daga baya aka koma kiransu 'yan kwantaragi. Shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya buɗe dubban makarantu a ƙauyuka, kuma da waɗannan malamai aka cika su, da yawansu ba tare da sun taɓa shiga makarantar horon malamai ba. A haka suka zamo su ne mafi yawa a firamare. A watan Yulin 2017, zamanin Minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa sama da malamai dubu 50 daga cikinsu jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami maki 10 cikin 20. An yi ta tsinuwa da zargin juna a lokacin. Abin da ba a tsaya an tambaya sosai ba shi ne, wanda aka tura aji ba tare da an koya masa aikin ba, a ina zai koyi shirya darasi?

A bisa ƙa'ida, malamin firamare a Nijar yana da takardu da dama da ya wajaba ya riƙe. Akwai rabon manhaja na shekara da na wata, wanda ke nuna abin da za a koyar a kowane mako. Akwai kayen shiri, inda yake rubuta darussan kowace rana, wanda shugaban makaranta ke dubawa ya sa hannu. Sannan akwai takardar darasi guda, wadda malamai ke kira fiche da Faransanci. A cikinta ake rubuta aji da fanni da tsawon lokaci, da manufar darasin, da kayan aiki, sai kuma matakai: bitar abin da ya gabata, jawo hankalin yara zuwa sabon abu, gabatar da shi, taƙaita shi, sannan gwaji. Tsari ne mai kyau, kuma wanda ya bi shi da gaskiya da wuya darasinsa ya watse.

Matsalar ita ce a makarantu da yawa wannan takarda ta tashi daga kayan aikin malami ta koma kayan kare kai. Ana rubuta ta ne domin idon shugaban makaranta ko na sufeto, ba domin yara ba. Sabon malami yakan ari kayen wanda ya riga shi, ya kwafe shi kalma bayan kalma, har da misalan da aka yi wa yaran wani gari a wata shekara. Wani kuma yakan zauna ranar Lahadi da dare ya rubuta darussan mako guda a jere, kamar dai ya san gaibu, alhali darasin Talata ya kamata ya dogara ne a kan abin da ya faru ranar Litinin. Shugaban makaranta, wanda shi ma galibi yana riƙe da nasa ajin, yakan duba kwanan wata da kyawun rubutu ya sa hannu. A takarda komai ya cika. A aji kuwa malami ya rubuta a allo, yara sun kwafa, sun maimaita da ƙarfi, an tashi.

Alamar da ta fi saurin nuna cewa an yi shiri na gaskiya ita ce manufar darasi. Malamin da ya rubuta cewa manufarsa ita ce yara su san ɗebewa, bai faɗi komai ba, domin babu yadda za a yi ya auna wannan a ƙarshen darasi. Amma wanda ya rubuta cewa a ƙarshen darasi kowane yaro zai iya ɗebe 27 daga 52 ta hanyar aro daga gomomi, ya riga ya san misalan da zai kawo, ya san zai bukaci ƙullin karare goma-goma da 'yan tsakuwa, ya kuma san kuskuren da zai fi yawa, wato yaro ya juya ya ɗebe 2 daga 7 ya sami 35. Tun da ya hango kuskuren, ya tanadi maganinsa. Idan lokacin gwaji ya zo, sai ya yi amfani da tsohuwar dabarar nan ta ƙananan alluna da makarantun Faransanci suka gada, wadda ake kira La Martinière: ya faɗi tambaya, kowa ya rubuta amsa, ya buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa. Cikin minti ɗaya ya ga aji gaba ɗaya, ko da yara tamanin ne. Abin da ya gani a nan shi ne farkon shirin gobe.

To amma a arewacin Adar akwai abubuwan da takardar da aka tsara a Yamai ba ta san da su ba, kuma dole shirin malami ya san da su. Na farko shi ne lokaci. A hukumance ana buɗe makarantu a watan Oktoba a rufe a Yuni. Sai dai inda aji na zana ne, ba a samun karan da za a kafa shi sai an gama girbin hatsi, kuma yaran ma suna gona. A ɗaya ƙarshen kuma, hadarin farko na damina yakan kwashe rumfar tun shekara ba ta ƙare ba. A shekarar 2021 hukumomi da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin dubu 36 a faɗin ƙasar, kuma a wannan shekara ce gobara ta ci ran yara kimanin 20 a irin wannan aji a Yamai cikin Afrilu, ta kuma ci na aƙalla 25 a Maraɗi cikin Nuwamba. Idan aka haɗa da yajin aiki, da kwanakin da malami ke ɓatawa a hanya wajen karɓar albashi, da ranar kasuwar gari da ke kwashe rabin aji, za a ga cewa watanni tara na takarda sun ragu ƙwarai. Malamin da ya raba manhajarsa kamar yana da watanni tara cif, ko dai ya yi gudu ya bar yara a baya, ko kuma shekara ta ƙare masa a tsakiyar littafi. Mai hankali tun ranar farko yake ware abin da ba makawa sai an iya shi, kamar haɗa baƙaƙe da wasula da jimla da ɗebewa, ya ba shi lokacin sanyi da yara suka fi zama, ya kuma ajiye darussa masu nauyi da safe idan zafin Afrilu da Mayu ya kama.

Na biyu shi ne harshe. Yaron Keita ko Buza ko Afala yana zuwa makaranta da Adaranci a bakinsa, bai taɓa jin Faransanci a gida ba. Idan aka ƙara gaba zuwa Abalak da Cintabaradan, aji guda yakan haɗa mai Tamajak da mai Fulatanci da mai Larabci da mai Hausa. Nijar ba baƙuwa ba ce a koyarwa da harshen gida, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, kuma a 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja da harsunan ƙasa a makarantu 500. Amma ko a ajin da ake koyarwa da Hausa, aikin bai ƙare ba. Yaron Adar yana cewa tahi, littafi ya rubuta tafi. Yana cewa hwari, littafi ya rubuta fari. Malamin da bai yi tunanin wannan tun a gida ba, zai ɗauka yaron ne bai iya karatu ba, alhali abin da ke bakinsa yake nema a takarda. Haka kuma ranar da aka tsallaka zuwa Faransanci, baƙin c da yaro ya saba da shi a ciki da cuku ya canza sauti, wasalin u ma haka. Waɗannan ramuka ne da aka san inda suke, kuma shiri shi ne a sa musu alama kafin a iso su.

Wani misalin da duk ɗan Tawa zai gane shi ne na kuɗi. Yarinyar da ke tallan ƙosai tana lissafi da dala, ta san dala ashirin, ta san jaka, ba ta kuskuren canji. Amma a aji sai a ce mata wannan kuɗin sunansa 100, alhali ita ashirin ta san shi. Idan malami bai tanadi minti biyar na bayanin cewa dala guda tamma biyar ce ba, yarinyar da ta fi kowa iya lissafi a kasuwa za ta koma ta baya a aji. Idan kuwa ya tanada, ya sami hanya mafi sauƙi ta koyar da ninkawa da biyar, domin rabin aikin an riga an yi masa shi a bakin kasuwa.

Na uku shi ne bambancin matakin yara. A ƙananan ƙauyuka malami guda yakan riƙe aji biyu ko uku a ɗaki ɗaya. Ko a aji guda ma, akwai wanda ya fara a Oktoba, da wanda ya zo a Janairu, da wanda ya bi dabbobi ya dawo. Adar ƙasar 'yan bida ce, maza da yawa suna Abijan ko Libiya ko Nijeriya, yaran da suka ɗan tasa su ne ke ɗebo ruwa da kiwo. Ga kuma rashin tsaro a yankin Tiliya, inda a ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 bisa ƙidayar gwamnati, lamarin da ke cikin abubuwan da suka rufe makarantu suka kuma watsa iyalai zuwa wasu garuruwa da yaran da karatunsu ya yanke. Darasi guda ga kowa a irin wannan aji, darasi ne ga 'yan layin gaba kawai. A nan makarantar boko tana da abin koyo a wajen makarantar allo da ke maƙwabtaka da ita, inda kowane yaro yake da nasa allon da nasa wurin, kuma ba a yi masa ƙari sai ya iya na jiya. Dabarar raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, ba ta yi nisa da wannan ba.

Ganin irin wannan nauyi ne ya sa wasu masana ke cewa a daina ɗora wa malami rubuta komai da kansa, a ba shi littafin jagora mai ɗauke da darasin kowace rana a shirye. Suna da hujja. Kenya ta bi wannan hanya a shirinta na Tusome daga 2015, karatun yara ya ɗaga. A maƙwabta, jihohin Sakkwato da Bauchi sun yi amfani da littattafan Mu Karanta na Hausa a ƙarƙashin shirin NEI Plus da ya fara a 2015. A Nijar ma, a 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin LIRE na dalar Amurka miliyan 140, wanda gyara yadda ake koyarwa a aji da bibiyar malamai ke cikin manyan manufofinsa. Masu adawa kuma suna cewa wannan zai mayar da malami aku, ya riƙa karanta abin da wani ya rubuta ko da yara sun gane ko ba su gane ba. Su ma suna da gaskiyarsu. Wani bincike da cibiyar RTI ta Amurka ta fitar a 2018, wanda ya duba irin waɗannan littattafai a ƙasashe 13, ya nuna cewa jagora yana taimakawa ƙwarai, amma wanda aka cika shi da rubuta kowace kalmar da malami zai furta bai kai mai sauƙin tsari amfani ba.

A ganina, ga malamin da ke koyar da fannoni shida ko bakwai a rana, ba lantarki, ba littafi, ce masa ya ƙirƙiro kowane darasi daga tushe zalunci ne, kuma shi ne ke haifar da kwafe-kwafen da aka ambata. A ba shi jagora. Amma jagoran ba zai san yau rabin aji sun tafi kasuwa ba, ba zai san jiya yara talatin sun kasa aro daga gomomi ba. Saboda haka shirin malami ba zai mutu ba, zai canza kama ne kawai: maimakon shafi uku na kwafe, ya zama layi biyar ko shida da ke amsa tambayoyi na gaske. Me yara suka kasa jiya? Wane misali na garin nan zan sa a madadin na littafi? Wa zan zaunar kusa da wa? Da wace tambaya zan rufe?

Abin farin ciki shi ne jihar Tawa ba ta rasa abin da za ta fara da shi ba. A cikin birnin akwai makarantar horon malamai ta Kaocen. Akwai jami'ar da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Farfesa Djibo Hamani, tana kuma da tsangayar nazarin ilimi. Akwai tarukan CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa domin ƙara wa juna sani. Bugu da ƙari, a jihar nan ce a 2004 aka fara shirin Makaranta Domin Kowa tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya sa iyaye suka riƙa zaɓen kwamitin makaranta da ƙuri'a suna tsara aikin shekara da kansu. Daga Tawa aka yaɗa shi zuwa duk ƙasar a 2007, daga baya ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso suka ɗauka. Wanda ya koya wa maƙwabta tafiyar da makaranta, bai kamata a ce shirin darasi ya gagare shi ba.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan abubuwa su yi aiki tare. Ya kamata taron CAPED ya daina zama wurin sauraron lacca da sa hannu a takardar halarta, ya koma wurin da malamai za su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar da shi gaban yara na gaske, sauran su kalla, sannan a zauna a gyara. Malaman Japan sun fi shekara ɗari suna yin haka, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata sufetoci da masu ba malamai shawara su rage ƙirga shafukan kaye, su riƙa ɗaukar yara biyar daga layin baya su ba su abin karantawa. Makarantar Kaocen da jami'a za su iya tattara darussan da suka yi nasara a Adar, da misalan albasa da rijiya da gandarin Keita da kifin Tabalak, su zama taskar da sabon malami zai tarar. Kwamitocin iyaye kuma, da suka saba kafa rumfa da sayen alli, za su iya tara kara da wuri, su sama wa malami masauki da fitila mai aiki da hasken rana. Ita kuwa gwamnati, babban nata shi ne biyan albashi a kan kari da kai littattafai kafin Oktoba, musamman na Hausa da sauran harsuna idan da gaske ake a kan kundin 2025, domin ba a cewa mutum ya koyar da harshen da ba a taɓa koya masa rubuta shi ba.

Su ma malamai akwai nasu. Ƙarancin albashi da nisan ƙauye gaskiya ne, amma yaron da ke zaune a kan tabarma ba shi ya jawo su ba, kuma shekarar da ta wuce shi ba za ta dawo ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 300, kuma kowane Oktoba sababbin yara ƙara yawa suke yi. Iyayen da suka hana ɗansu kiwo suka tura shi lakwal, ciniki suka yi da hukuma, kuma idan shekara shida ta wuce bai iya karanta wasiƙar da mahaifinsa ya aiko daga bida ba, da wuya su tura ƙanensa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sakamakon CFEPD na Yuni ma haka yake, tun daga kayen da malami ya buɗe a daren Nuwamba ake rubuta shi. Allah Ya ba malamanmu ikon sauke wannan nauyi, Ya kuma ba mahukunta ikon sauke nasu.